Gayyar da Ba Kiɗa

Mu uku muka tsallako iyaka a shekarar da aka rufe ta: ni, da matata Rakiya, da 'yarmu Halima a kan jaki tana rungume da ƙullin kayanmu. Da mu huɗu ne. Yunwar da ta koro mu daga ƙauyenmu na arewacin Tasawa ta riga ta karɓi ɗanmu namiji, kuma ba zan tsaya a kan wannan ba. Iyakar ma ban gan ta da idona ba. Wani makiyayi ne muka tambaya, ya dube mu ya ce ai tun hantsi kuke cikin Najeriya.

A cikin ƙullin nan akwai tukunya, da tabarma, da ƙarfen hauyar mahaifina. Dole in yi bayaninta, don ita ce ta kusa hallaka mu. Mu a can a tsaye muke noma. Ƙarfen kamar jinjirin wata yake, ana sa masa sanda da ta fi mutum tsawo, kana tafe kana tura shi ƙarƙashin rairayi yana yanke ciyawa. Hauyar tsaye muke ce mata. Na sayar da akuya, na sayar da ƙyauren ɗakina, amma wannan ƙarfe na ce sai dai a binne ni da shi.

Zangonmu na farko mai tsawo Dawanau ne. Ban taɓa ganin hatsi a tare haka ba. Na tsaya gaban buhunan gero da aka jera kamar ganuwa, hawaye ya zubo mini, don na tuna wanda muka bari a ƙasa saboda abin da bai kai tiya ɗaya ba. Na shiga dako. Muna kwana a bayan wata rumfa, Rakiya na tsintar ƙwayar da ta zube tana yi mana kunu. A lokacin ne ta gaya mini tana da ciki.

Nan wani mutum mai farar riga da jakar hannu ya same ni. Ya yi mini magana a hankali kamar ɗan'uwa, ya ce ana shirin kwashe baƙin da ba su da takarda, amma shi yana da hanya. Ya karɓi jakinmu, ya ba ni takarda mai hatimi har biyu. Na naɗe ta a leda, na rataya a wuya kamar laya, ina tafiya ina buɗa kafaɗa.

Wani ɗan kasuwa mai sayen wake, Malam Bala, wanda nake yi wa dako, shi na nuna wa da alfahari. Ya karanta, ya fashe da dariya, sai ya dubi fuskata ya haɗiye dariyar.

"Isuhu, wannan ai takardar allurar shanu ce. An rubuta an yi wa bijimi biyu rigakafi."

Na nemi mai farar riga kwana biyu da sanda a hannu. Allah ya taimake shi, ya kuma taimake ni, ban gan shi ba. A rana ta uku Malam Bala ya ce mu hau bayan motar da ya yi shata. Ya ce a garinsu, Ɗinya, can wajen Shanono, akwai limaminsu Malam Sani, ba a kai masa baƙo ya ce babu wuri.

Mun isa da la'asar sakaliya. Ni da na saba da daji fetal, na ga ƙasar da babu taki ɗaya da ba na wani ba: gona na jikin gona, gida na hango gida, kuka da ɗorawa ko'ina. Liman ɗan tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Na fara ciro takardar shanuna don in yi masa bayani, ya ɗaga hannu.

"Kun ci abinci?"

Abin da ya fara tambaya ke nan. Suna da rumbu a bayan masallaci, wanda kowane magidanci ke zuba wani abu daga zakkarsa da kaka. Daga ciki aka auno mana dawa. Ya kai mu gidan wata tsohuwa, Inna Tabawa, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka tafi Ikko suka yi shiru. Ta dubi ƙafafun Rakiya da suka fara kumbura, ta ce, "Wannan ba inda za ta ƙara zuwa." Ta ba mu ɗakin babban ɗanta.

Ba mu yi wata biyu ba rediyo ya fara faɗin abin da mai farar riga ya faɗa. Ashe a nan kaɗai ya yi gaskiya. Duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Muka riƙa jin labarin motoci na sauke mutane a bakin iyaka, cikin rana, ba ruwa ba inuwa. Na dubi Rakiya, wadda ko zuwa rijiya sai ta huta sau biyu. Na san in aka ɗora ta a motar nan, mutum biyu zan binne a hanya. Bayan sallar isha'i Liman ya ce da jama'a, "Mutumin nan amana ne a hannunmu. Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba ya faɗa yanzu." Ba wanda ya janye.

Da ruwa ya sauka Inna Tabawa ta ba ni gonarta, wadda ke bakin hanyar Shanono, ta ce in noma mu ci tare. A nan halina ya fito, don ni mutum ne mai taurin kai, ban kuwa daina ba. Na tarar da gonar cike da tsofaffin kunyoyi, hauyata kuwa ba ta tafiya sai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Na bi na baje su duka. Na shuka gero irin namu, rami nan, rami can, taki biyu manya a tsakani, yadda ake yi a ƙasar da ruwa ke rowa. Na sari doguwar sanda na sa wa ƙarfen mahaifina. Har wata ciyawa da na gani ta yi layi a gefen gona na bi na kwankwashe rabinta. Ashe gamba ce, ita ce iyakar gonar da ta maƙwabcina Ɗanjuma.

Ranar mun kusa dambe. "Kai ɗan Faransa," in ji shi, "a garinku ba a san iyaka ba, shi ya sa kuka tsallako tamu!" Na ce masa abin da ba zan maimaita ba. Daga ranar ko gaisuwa ba ma yi, a masallaci ma in ya ga zan tsaya kusa da shi sai ya canza wuri.

Masu wucewa kan tsaya su kalle ni ina noma a tsaye kamar mai tuƙa kwalekwale. Ni kuma ina yi musu ba'a, ina cewa ku Kanawa kullum a duƙe kamar kun yar da allura. Na gama noman fari kafin kowa, na ji daɗin kaina ƙwarai. Liman ya zo wucewa wata rana, ya daɗe yana duban gonar da idonsa mai gani.

"Isuhu, ka ajiye sandar nan, ka karɓi fartanya. Gonarka tana faɗin sunan garinku ga duk mai wucewa."

"Malam, da wagga hauya ubana ya cishe mu. Mi ta yi musu? Ni ban iya noman duƙe ba, ba ni kuwa koyo da hurhura."

Ya wuce abinsa. Na ɗauka na yi nasara.

Ranar kasuwar Shanono Malam Bala ya dawo tun kafin la'asar, ba tare da ya sayi ko tiyar wake ba. Ya same mu a ƙofar masallaci. Ya ce masu kaki sun kwashe gida huɗu a ƙauyukan yamma. Ya ce babbansu a bakin iyaka ya tashi, ba ya ɓata lokaci da tambayar takarda. Gona yake dubawa daga cikin mota. In ya ga shimfiɗaɗɗiya mai shuka warwatse, sai ya tsaya ya ce a kawo mai ita.

"Gobe ta hanyarmu za su biyo," in ji shi.

Duk aka juyo aka dube ni. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba. Na ce zan kwashi iyalina mu shiga daji. Ɗanjuma ya ce wane daji, nan ka ga daji? Gaskiyarsa ne. A ƙasar nan duk inda ka tsuguna a gonar wani kake. Rakiya kuma ko zaure ba ta iya kaiwa ba dafa bango.

Liman na ta jan carbi. Can ya ce, "Jiya an yi ruwa, ƙasa da danshi. Gobe kowa ya zo asuba da garmarsa. Kowa kuma ya bi gonarsa yanzu, inda gero ya yi cunkoso ya ciro, ya kawo. Gayya za mu yi wa Tabawa." Ya juyo gare ni. "Kai kuma ka cire ƙarfen nan ka binne, sandar ka sa a murhu."

Na ce to. Amma da na je gona na ɗauki hauyar, hannuna ya ƙi. Wurin da tafin mahaifina ya cinye a gindin ƙarfen yana nan sumul. Na ce a raina kwana ɗaya ne, wa zai gani? Na kwantar da ita a cikin gambar iyaka, na ja ciyawa na rufe.

Na ga gayya daga baya sau da yawa a Ɗinya, da makaɗa, da kirari, da samari na rige-rige. Wannan ba ta da ko ɗaya. Ana sallame sallar asuba mutane suka fito a jere, sun fi arba'in, kowa da garma a kafaɗa da damin dashe a hannu. An riga an kai Rakiya da Halima cikin gidan Liman, cikin matansa, inda baƙon namiji ba ya shiga. Wasu suka shiga dasa geron da suka ciro daga gonakinsu a tsakanin nawa, sauran suka ja layi suna huɗa. Ba ka jin komai sai saran ƙarfe da nishi. Ina kallo gonata tana komawa irin ta kowa.

Liman ya sa aka ba ni garma da hular wani, ya tsayar da ni a tsakiyar layi. Da gangan ko ba da gangan ba, kusa da Ɗanjuma.

"Duk abin da ka ji, kada ka miƙe," in ji shi. "Ka ji ni? Ko sunanka aka kira."

Wanda bai saba ba bai san abin da garma ke yi wa ƙugu ba. Kafin rana ta yi tsawon sanda na ji kamar ana soka mini ƙusa a gadon baya. Kunyar da nake ja ta karkace kamar tafiyar maciji, Ɗanjuma na bi yana gyarawa yana tsaki. Saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu mu gama muka ji ƙugin mota.

Ban ɗaga kai ba. Ta tsakanin ƙafafuna na ga tayoyin babbar mota sun tsaya, na ga takalma bibbiyu sun diro, mutum huɗu ke nan da direba. Daga bayan motar na ji kukan jariri, sai muryar wata mace: "Ku ba mu ruwa don Allah, ɗiyana shina mutuwa." Harshen garinmu ne sak, kamar ƙanwata ce ke magana. Na ci gaba da sara.

Babban nasu ya yi sallama, Liman ya amsa daga gindin ɗorawa.

"Gonar wa ake yi wa gayya, Malam?"

"Ta Tabawa ce. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba sa nan."

"Gayya ba kiɗa?"

"Shekarar ba ta kiɗa ba ce, ranka ya daɗe."

Na ji takunsa yana bin gefen gona, a hankali, kamar mai taya bijimi a kasuwa. Ya wuce ta bayana har na ji warin tabarsa. Ya nufi ɓangaren da ba a kai ga huɗawa ba, ya tsaya. Sai na ji ƙarar da na sani tun ina yaro, ƙarar ƙarfen nan in ya bugi dutse. A daidai inda na kwankwashe gambar Ɗanjuma na ɓoye ta, inda ciyawar ba ta da kauri. Da hannuna na tona wa kaina asiri sau biyu.

"Wannan fa, Malam? Ita ma ta Tabawa ce?"

Saran garma ya tsaya cak. Na san Liman ba ya ƙarya, duk garin an sani. Na fara karanta abin da ya zo bakina.

"Ba tata ba ce," in ji Liman. "Na tsufa da yi maka ƙarya. Mai ita yana nan cikin mutanen nan. Ba kuma zan nuna maka shi ba."

"Malam, ka san abin da kake faɗa? Doka ce fa."

"Na sani, ɗana. Kai an ba ka aiki, ni an ba ni amana. Matarsa na da tsohon ciki. In ta hau motar nan ba za ta sauka da rai ba."

Mutumin ya daka tsawa ya ce kowa ya miƙe ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya san in na buɗe baki an gama. Ba wanda ya miƙe. Sai na ji Malam Bala daga can ƙarshen layi ya ɗauki hailala da ƙarfi, ya kai sara. Na kusa da shi ya amsa, ya kai sara. Kafin ka ce me, layin gaba ɗaya ya ɗauka, garma arba'in na sauka tare, muna matsawa gaba taki-taki. Ni ma ina ciki, bakina na motsi ba murya.

Ban san abin da ya gani ba, tunda ban ga fuskarsa ba. Wataƙila ya ƙirga mutanensa ya ƙirga garemani. Ya bar mu mun kai kusan ƙarshen kunya, sannan ya ce, da muryar da ta fi tsawar ban tsoro, "To shi ke nan. Tunda kai ka san shi, kai za ka bi mu."

Na ji an jefa hauyata cikin mota. Na ji takun Liman, yana ɗan jan ƙafa kamar yadda ya saba. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, bayana ne kawai ya fara miƙewa. Tsohon da ya ciyar da ni, za a tafi da shi saboda taurin kaina, ni kuwa ina duƙe kamar tinkiya? Sai na ji hannu kamar guduma a ƙeyata. Ɗanjuma ne. Ya danna ni har goshina ya kusa taɓa ƙasa.

"Ka miƙe in karya ka," in ji shi ta cikin haƙora. "Ba don kai nake yi ba. So kake ya hau motar nan a banza?"

Haka na tsaya a duƙe, hawaye da majina na zuba a kan geron da wani ya ciro daga gonarsa ya dasa mini. Daga baya aka gaya mini Inna Tabawa ta iso da ƙwaryar furar 'yan gayya a ka, ta wuce mu, ta miƙa ta cikin motar, ba wanda ya hana ta. Aka ce Liman da ya hau, sai ya zauna kusa da mai jaririn. Motar ta tashi. Ba mu daina sara ba sai da ƙuginta ya ɓace.

Kwana uku ya yi a hannunsu. Mai gari da dattawa suka yi ta zarya. A kwanakin nan ban iya haɗa ido da kowa ba, ba kuwa wanda ya ce mini uffan, abin da ya fi zagi ciwo. Rakiya kaɗai ta yi magana, da na gaya mata inda na ɓoye hauyar. Ta dube ni ta ce, "Ƙarhe, Isuhu? Saboda ƙarhe?" Ta juya fuskarta bango.

Ranar da ya dawo, a kan keken Malam Bala aka kawo shi, ƙafafunsa sun kumbura, leɓɓansa sun tsage. Har ya rasu bai gaya wa kowa abin da ya gani a can ba. Mutane suka cika zaurensa. Na jira sai da aka ragu, na shiga na durƙusa. Na shirya maganganu da yawa, duk suka gudu.

"An gama huɗar?" in ji shi.

Na ce an gama, Malam.

"Dashen ya kama?"

Na ce ya kama. Sai na fashe, na ce ya yafe mini, ya ce in binne ban binne ba, ni na jawo masa.

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya dafa kaina, a daidai inda Ɗanjuma ya danna.

"Ni ne ban yi tunani ba, da na ce ka binne. Sai a mota na ga inda hannun mahaifinka ya cinye ta." Ya numfasa. "Da za su sake ni na roƙe su ita, Isuhu. Sau biyu na roƙa. Ba su ba ni ba. Ka yi haƙuri."

Rakiya ta sauka ana yankan gero, namiji, ita da shi lafiya. Ba sai na faɗi sunan da na sa masa ba. Yau shekaruna a Ɗinya sun fi waɗanda na yi a garinmu, jikokina ma dariya suke in na ce "mi". Wani maƙeri ya taɓa cewa zai ƙera mini irin waccan hauya in ina so, na ce ya bari. Da garma nake noma, a duƙe, kunyoyina kuma har yanzu ba su miƙe sosai ba. Duk sanda ƙuguna ya soke ni a tsakiyar gona, tsohon nan nake tunawa, da kumburarrun ƙafafu, yana ba ni haƙuri.